Horon tallata aiki ko taron keɓewa: wanne ofishin lauyoyi zai fara da shi?

Barista, ka tambaya ko ofishinku mai lauyoyi takwas ya kashe kuɗin da ya ware a kan horon tallata aiki, ko kuwa a kan taron keɓewa na kwana biyu, wato manyan ofishin su keɓe a wani wuri su tattauna. Abubuwan biyu ba ciwo ɗaya suke magani ba.

Horo yana gyara lauya ne shi kaɗai. Ana koya masa yadda zai rubuta bayanin wata sabuwar doka da harshen da ɗan kasuwa zai gane, da yadda zai yi jawabi a taron ƙungiyar 'yan kasuwa, da yadda zai riƙa waiwayar wanda ya taɓa yi wa aiki ba tare da ya zama maroƙi ba. Amfaninsa ba ya fitowa a zama ɗaya, sai an yi ta maimaitawa wata da watanni. Sai dai a kula, wasu darussan daga Amurka aka ɗauko su, inda Kotun Ƙoli ta buɗe wa lauyoyi ƙofar talla tun 1977 a shari'ar Bates da ƙungiyar lauyoyin jihar Arizona. A Najeriya kuwa, ƙa'ida ta 39 cikin ƙa'idojin ɗa'ar aikin lauya ta yarda da talla mai tsafta, amma ta hana lauya kwatanta kansa da wasu lauyoyi, ko faɗin yawan shari'un da ya ci, ko neman aiki ta hannun 'yan kamasho. Abin da malamin horo zai kira dabara yana iya kai mutum gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi.

Taron keɓewa shi kuma ofishin yake gyarawa. Manyan da suka haɗa hannu suka kafa shi su bar gari, su ajiye waya, su tsayar da irin aikin da suke so a san su da shi, ko rikicin filaye ne ko karɓo wa bankuna bashi. A nan ne kuma ake taɓa maganar da kowa ke kauce wa, wato kason wanda ya kawo mai ƙara idan wani ne ya tsaya masa a kotu. Muddin ba a warware wannan ba, kowa zai ɓoye mutanensa, komai horon da ya sha. Raunin taron keɓewa sananne ne: a ci, a sha, a ɗauki hoto, shawarwarin kuma su kwana a otal.

A ganina ku fara da keɓewar, ko ta wuni ɗaya ce a wuri mai sauƙin kuɗi, ku fito da matsaya a rubuce da sunan wanda zai bi kowace magana. Ragowar kuɗin ku raba shi a kan horo na wata-wata, musamman ga ƙananan lauyoyi, kuma kafin ku biya malamin ku tambaye shi abin da ƙa'ida ta 39 ta ce.