Bitar Hidimar Zipline: Jiragen Kai Jini da Rabon Sararin Samaniya

Kamfanin Zipline na Amurka ya fara kai jini asibitoci da jirage marasa matuƙa daga Muhanga ta ƙasar Ruwanda a watan Oktoba na 2016, ya shiga Ghana a 2019, sannan a 2022 ya buɗe tasha a Pambeguwa ta Jihar Kaduna. Ma'aikacin asibiti yakan aika saƙon abin da yake buƙata ta waya, a ɗaure kayan a harba jirgin, ya yi gudun kusan kilomita 100 a awa, ya saki ƙunshin da 'yar laima a harabar asibiti, ya juya gida. Ga macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, a garin da damina ta yanke hanyarsa, wannan hidima ba ta da na biyu.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda jiragen suke raba sama da jiragen da ke ɗauke da mutane, domin a nan ne amincin hidimar ya rataya. Suna bin hanyoyin da hukumar sufurin jiragen sama ta amince da su tun kafin tashi, kuma suna tafiya ƙasa-ƙasa, nesa da inda manyan jirage suke ratsawa. Hatsarin da ya rage shi ne na masu saukar ungulu da ƙananan jirage, waɗanda wasunsu ba sa sanar da inda suke. Saboda haka a 2022 kamfanin ya fito da na'urorin sauraro da ake liƙa wa jirgin, su ji ƙugin injin wani jirgi daga nesa domin ya kauce masa. Na yaba da wannan dabara ƙwarai, domin gajimare da hazo suna iya rufe idon kyamara, amma ba sa toshe kunne. A 2023 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka (FAA) ta ba kamfanin izinin tashi inda idon mai kula ba ya kaiwa, ba tare da an jera masu sa ido a hanya ba.

Sai dai hidimar tana da iyaka. Jirgin da ake amfani da shi a Afirka bai ɗaukar abin da ya kai kilo 2, bai wuce kimanin kilomita 80 daga tasharsa, kuma tunda bai sauka a asibiti, ba ya iya dawowa da samfurin gwaji. Haka nan, yawancin nasarar an same ta ne a samaniyar karkara wadda ba ta da cunkoso. Ina ba kowace jiha shawarar ta karɓi hidimar don jini da rigakafi, amma kafin a kusanto da ita filayen jirgi irin na Kano da Abuja, wajibi ne hukumar sufurin jiragen sama ta Najeriya (NCAA) ta tanadi tsarin da zai nuna wa masu kula da zirga-zirgar jirage inda kowane jirgi maras matuƙi yake a kowane lokaci.