Kafin ka sayi tsohon akwatin gem, a buɗe maka bayansa

Wani ƙanena mai shagon gem a unguwar Mabera da ke Sakkwato ya kira ni wata Asabar da rana. "Yaya, don Allah zo ka duba min akwatin nan, ina ga aljanu sun shige shi." Irin akwatin nan ne na tsaye mai sanda da maɓallai, ya saye shi hannun wani dillalin kayan tokumbo. Yara na tsakiyar dambe a Street Fighter II sai gilashi ya yi baƙi, wasa ya koma farko, a yi ta rigimar kuɗin da aka biya. Na buɗe baya, na ɗora mitar awon wuta a bakin bod, wato allon lantarkin da wasan ke ciki, ta nuna bolt 4.6. Na ce masa ga aljaninka nan.

Tsofaffin bod ɗin nan bolt 5 suke ci, kuma ba sa son a tauye musu. Da yawansu na da wata da'ira da masu gyara ke kira karen gadi, wadda da zarar ƙwaƙwalwar bod ta rikice sai ta tashe ta daga farko. Wuta ta yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta rikice, kare ya yi aikinsa. Shi ya sa ake auna wutar a jikin bod ɗin kansa, don tana raguwa a hanya in wayoyi sun tsufa ko bakin haɗi ya yi tsatsa. Fawar akwatin gem ta gaskiya, wato na'urar da ke ba bod wuta, tana da ɗan abin murzawa da ake daidaita ta da shi. Ka kai ta 5.0 ko 5.1 ka tsaya. In ka zarce da yawa, bod ɗin ne zai ƙone.

Akwatunan da ke shigowa hannunmu kusan iri uku ne.

Na farko shi ne wanda aka bar masa wayoyinsa na JAMMA yadda suke. Tsari ne da kamfanonin gem na Japan suka fitar a 1985: bakin haɗi ɗaya mai haƙora 56, ashirin da takwas kowane gefe, ya kwashi wuta da hoto da sauti da maɓallai gaba ɗaya. Ka zare wannan bod ka soka wancan, shi ke nan. Wannan nake ba kowa shawara ya nema, ko da katakonsa ya koɗe. Abu biyu kawai za ka duba. Haƙori na bakwai yana da ɗan toshi da ke hana a soka bod a juye. In ya faɗi, sa alama da fenti, don soka shi a juye na iya kashe bod nan take. Sannan JAMMA maɓalli uku ya tanada wa kowane ɗan wasa, alhali Street Fighter II da Capcom ya fitar a 1991 shida yake so. Ukun shuri suna da tasu wayar daban. In mai sayarwa ya ce "maɓallan ƙasa ne suka ɗan lalace", galibi wayar ce babu.

Na biyu shi ne wanda aka cire masa tsohon bod aka sa irin su Pandora's Box masu ɗaruruwan wasanni. Ga mai shago da ke neman na cefane, ba laifi, yara na son yawan zaɓi, kuma in ya mutu ana samun wani. Amma ka tabbata ta bakin JAMMA aka haɗa shi.

Na uku kuwa, guje shi ko a kyauta. Shi ne akwatin da ya girmi JAMMA, kamar na Pac-Man na 1980 mai nasa tsarin wayoyi, wani ya yanke su ya murɗa da hannu ya naɗe da baƙin tef, ba dalma ba komai. A zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, tef ɗin saki yake yi, wayoyi su taɓa juna. Irin waɗannan ne za ka tarar an cusa musu fawar kwamfuta, wadda ba a daidaita ta, kuma ta zamani ba ta ba da bolt 5 na debewa (-5) da wasu tsofaffin bod ke buƙata don sauti. Sai ka ga hoto garau, akwati shiru.

Maganar gilashi ma zaɓi ce. Tsohon mai ƙeya ya fi ba wasannin nan kyau, sai dai kondensarsa na bushewa da zafi, ƙurar hunturu kuma na taruwa a kansa. Yana riƙe wuta ta dubban bolt ko an zare shi daga soket, don haka wannan aikin mai gyaran talabijin ne, kada ka kai hannu. In ka ga taransifoma a ƙasan akwatin, kar a cire ta wai don rage nauyi, da yawa daga cikin gilasan nan ba sa aiki lafiya sai da ita. Gilashin zamani ya fi sauƙin riƙo, amma tsohon bod sai an sa masa ɗan bod mai juya hoto irin GBS-8200.

Kada ka manta da wutar gida. Tamu 230 ce, akwatin Amurka 120, na Japan 100. Duba maɓallin 110 da 220 a jikin fawa kafin a jona, in babu a nemi taransifomar rage wuta. Mai aiki da janareta kuma ya sa sitabilaiza.

Ranar ciniki, ce a kunna akwatin awa guda da ƙofar baya a rufe, da tsakar rana in zai yiwu. Yana cikin wasa ka bubbuga gefensa da tafi, ka danna kowane maɓalli. In ya koma farko ko sau ɗaya, a cire kuɗin sabuwar fawa daga farashin. Ƙanena dai fawar muka canza, muka goge haƙoran bod da abin goge fensir, kuma har yau bai sake kirana kan akwatin ba.