Injin iska mai ba da lantarki a gidanmu na Bur Sudan (Port Sudan): ya yi rana a hunturu, ya kwanta a bazara

Duk baƙon da ya shigo gidanmu sai ya ɗaga kai ya kalli farfelar da ke juyawa a kan dogon bututun ƙarfe a bayan madafa, kuma tambayar ba ta canzawa: tana ɗaukar firiji? Ita kaɗai ba ta ɗauka. 'Yan uwa daga Kasala da Gadarif sun ishe ni da waya, kowa na son ya saya, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani da idona.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 gidan ya cika. Iyalan yayana suka taso daga Kartum, a ƙarshen shekarar kawu da nasa suka iso daga Wad Madani. Muna da farantan sola huɗu da batir biyu, da rana ba mu da matsala, amma da dare ya raba sai inbata ta fara kuka, fankoki su tsaya, yara su tashi. Janareta kuwa kuɗin mai ya sa mun tura shi lungu. Abin da nake nema shi ne wani abu da zai riƙa ɗura wa batir ko yaya ne bayan rana ta faɗi, sai na sayi wannan injin a ƙarshen 2024.

A jikin kwalinsa an rubuta wat 600. Fukafukai uku, faɗin da'irarsu bai kai mita biyu ba, ga wutsiya da ke juya shi ya fuskanci iska. Mai shagon ya yi ta ba ni labarin Zafarana da Jabal Zait, inda Masar ta jera manyan injina a gaɓar wannan Bahar Maliya da muke kai, da kuma wanda aka kawo Dongola, a arewacin Sudan, a 2021 mai tsayin fiye da mita 60. Bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne waɗancan suna can sama a fili fetal, inda babu katanga babu bene, nawa kuwa a tsakiyar unguwa zai zauna.

Wannan 600 ɗin ita ce ta fi ruɗar mutane, don haka bari in tsaya a kanta. Ba a samun ta sai iska ta kai gudun kusan mita 12 a daƙiƙa, irin wadda ke kwashe shanya daga igiya. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya daidai da gudunta, ninki yake yi har hawa uku. In gudun ya ragu da rabi, ba rabin wuta za ka samu ba, kashi ɗaya cikin takwas ne. Ke nan a mita 6, wadda kowa zai ce yau ana iska sosai, injin wat 75 yake bayarwa. Ƙasa da mita 3 kuwa yana iya juyawa a hankali, mai wucewa ya ce ma sha Allah, alhali ko ƙwan fitila ba ya kunnawa. A kan ɗan allon kwantirola, na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir, nake ganin wannan kullum. Lambar ba ta zama wuri ɗaya, yanzu 20, yanzu 140, kafin ka kira wani ya gani ta koma 35. Farantin sola guda mai wat 550 a ranar Sudan yana tara sama da kilowat-awa biyu a wuni ba tare da an roƙe shi ba. Injin nan sai a daren da iska ta kwana tana kaɗawa yake kusantar rabin haka.

Niyyata a kan rufin ɗaki za a ɗaura shi, usta, wato mai aikin da ya kafa mana shi, ya ƙi. Ya ce, “Ya Hajji, in na kafa maka shi a nan, kafin azumi za ka kira ni in ɗinke maka bango.” Girgizar injin tana bin ƙarfe ta shiga gini, kuma iskar da ke saman rufi a hargitse take. Sai aka haƙa rami, aka zuba siminti, mai walda ya haɗa bututu mai tsayin mita tara da maƙala a gindi don a iya kwantar da shi, aka ɗaure da wayoyi huɗu. Kuɗin bututu da siminti da waya mai kauri da ladan aiki sun kusa kamo kuɗin injin kansa. Wanda zai saya ya sa wannan a lissafi tun farko. Duk da haka tsayin bai isa ba. Ƙa'idar masu aikin ita ce farfela ta ɗara duk abin da ke kusa da ita da kimanin mita tara, mu kuwa akwai bene mai hawa biyu a arewa da mu, ta inda iskar ke zuwa. Kana tsaye za ka ga wutsiyar tana waige-waige, ta kalli nan ta kalli can, kuma duk juyin da ta yi gudun farfelar ya faɗi.

To, ina amfaninsa? A hunturu yake. Garinmu ya bambanta da sauran Sudan, ɗan ruwan da muke samu a lokacin sanyi yake zuwa, tun daga Nuwamba, tare da gajimare da iskar arewa. Ranakun da sola ke kasala su ne ranakun da injin ke aiki haiƙan. A Janairun 2025, lokacin da jirage marasa matuƙa suka kai hari madatsar Marawi kuma jihohi da dama suka shiga duhu har da tamu ta Bahar Maliya, batirinmu bai mutu da dare ba. Fitilu suna ci, na'urar intanet tana aiki, maƙwabta suna kawo wayoyi caji har muka ƙara soket a zaure. Ba wuta ce mai yawa ba, amma wat 60 ko 80 da ke shiga tsawon dare ita ce ke hana batir sauka ƙasa sosai, kuma saukar nan ce ke kashe batir da wuri. A wannan watan da an tambaye ni da na ce kowa ya saya.

Sai Mayu ta zo, aka bugi rumbunan mai da tashar lantarki a cikin garin nan, wuta ta ɗauke ana tsakiyar zafi. Wanda ya san bazarar Bur Sudan ya san ba zafi kaɗai ba ne, ga gumi mai danƙo, ma'auni ya wuce 40. A daren da muka fi buƙatar fanka, farfelar tana tsaye cik. Iskar teku takan taso da rana zuwa la'asar, daidai lokacin da sola ta riga ta cika batir, sai kwantirola ta riƙa zubar da rarar wutar a wani naɗaɗɗen ƙarfe da ke zafi jau a jikin bango. Dole na sa aka yi masa raga saboda jikokin kawu. Wannan ƙarfen ba ado ba ne. Injin iska ba kamar sola ba ne da za ka cire waya ka tafi, in ba shi da inda zai zuba wuta sai ya yi gudun da zai karya kansa. Haka in guguwar ƙura ta taso, akwai makunnin birki da ke haɗe wayoyin wuta uku da ke fitowa daga injin wuri ɗaya, sai farfelar ta yi nauyi ta lafa. Na koya wa matan gidan da babban ɗan yayana inda yake, domin habub ba ya jiran maigida ya dawo daga kasuwa.

Ƙara kuma akwai ta. In iska ta yi ƙarfi yakan yi wani gurnani mai hawa da sauka. Inna, wadda ɗakinta ya fi kusa, ta kira ni wata safiya ta ce, “Kai, wannan abin naka kamar ana niƙa a kaina aka kwana.” Na ce ta yi haƙuri, muka mayar da gadonta ɗaya ɗakin. Yanzu ta saba, har ita ke gaya mini in sautin ya canza, kuma ita ce ta fara jin lokacin da boris ya soma ci.

Da muka kwantar da bututun, wanda sai da maza huɗu, na ga abin da gishirin teku da yashi suka yi. Notunan da suka zo da injin sun yi ja da tsatsa, biyu sai da aka yanka. Bakin fukafukan ya yi kaushi, fentin ya tafi. Giris ɗin cikin boris ya zama baƙin laka mai tsakuwa in ka murza a yatsa. Usta ya canza boris biyu, ya sa notuna marasa tsatsa, ya shafe haɗin wayoyi da giris. Ba aiki ne mai tsada ba, amma ya ce duk shekara sai an yi. Farantan sola kuwa tsumma da ruwa kaɗai suke nema.

Ga 'yan uwa na Kasala da Gadarif, kada ku ɗauki iskar bakin teku ku auna da taku. Ku nemi ɗan ma'aunin iska na hannu, ba shi da tsada, ku hau sama da shi da dare a watanni daban-daban. In yawanci bai kai mita 5 a daƙiƙa ba, ku ƙara sola da batir. Mai gona ko rakuba, wato rumfa, a bayan gari, inda babu gini kusa, lissafinsa daban ne, shi zai fi ni morewa. Wanda kuma ya riga ya ƙudura sai ya saya, ya karɓi fukafukai uku na ajiya a ranar da ya biya kuɗi. In ɗaya ya tsage ba a canza shi shi kaɗai, nauyinsu sai ya zo daidai, kuma da na koma shagon neman nawa an ce wannan samfurin ya daina shigowa.