Edifier R1280DB a ƙaramin falo, ga abun da na gani

Masu tambayata wace sifika na saka a falo, Edifier R1280DB ce, guda biyu. Irin wacce amfilifayarta ke cikinta ce, ba sai ka ƙara siyan wani akwati ba, ka jona wuta ka jona tibi shikenan. Ta dama ce ke ɗauke da amfilifayar da maɓallan bas da tirebul a gefe, sai waya ɗaya ta tafi zuwa ta hagu.

Kafin in siya na zaga shagunan Ahmadu Bello Way har wajen Taminus a Jos, kusan ko'ina hom tiyata ake nuna maka, ƙananan sifiku biyar da sabwufa, wato akwatin bas, an rubuta dubban watt ɓaro-ɓaro a kwali. Don Allah kar wannan lambar ta ruɗe ku, yawanci PMPO ce, lambar talla kawai. RMS za ka duba, shi ne ƙarfin da sifika ke iya riƙewa tana aiki. Tawa 42W RMS ce duka biyun, amma wallahi ta cika min falo, ban taɓa kai ta ƙarshe ba saboda maƙwabta, kun san gidajen haya na Anguwan Rogo bango ɗaya ne tsakaninku.

Abun da ya fi burge ni murya. Karatun Alƙur'ani, wa'azi, labarai, mai sharhin ƙwallo, komai tar kake jin sa, harafi baya cin harafi, har Hajiyarmu da kullum take cewa a ƙara mata tibi yanzu ta daina, kuma wannan kaɗai a wajena ya biya kuɗin. Tana da Bluetooth, da wuraren jona waya iri uku, optical da coaxial da RCA, ga rimot. In za ka jona da optical ka shiga saitin sauti na tibi ka maida shi PCM, in ka bar shi a Dolby Digital ba za ka ji sautin ba, sai ka ɗauka ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

Sai maganar bas. Wufarta, wato lasifikar cikinta mai fitar da bas, inci 4 ce, tana bugawa daidai girmanta, amma wanda ke son ya ji ƙirjinsa na girgiza a fim ɗin yaƙi ya nemi R1280DBs, mai s a ƙarshe, ita tana da wajen jona sabwufa.

Kuma a gane, sifika biyu sitiriyo ce, dama da hagu. Sauti mai kewaye na gaske, wato 5.1, sai sifika uku a gaba, biyu a bayan kujera, sabwufa ɗaya, da na'urar da za ta raba sautin. Logitech Z906 na yin haka, 500W RMS, tana karanta Dolby Digital da DTS, tsarukan sauti mai kewaye na finafinai. Amma fa in kujerarka manne take da bango kaman tawa, ina za ka ajiye na bayan? Yawanci sai ka ga an jera duka biyar ɗin a kan teburin tibi, an yi asarar kuɗi kenan.

Wuta kam bata ci sosai, ƙaramar inbata na ɗaukarta tare da tibi ba matsala. Ni dai ta stabilaiza na bi da ita, saboda yadda wuta ke dawowa da ƙarfi wani lokacin.