Hoton ƙashi, sikanin ko MRI: wanne ke nuna amosanin gaɓɓai na masu soriyasis?

'Yar'uwa, kin tambaya ko akwai amfanin biyan kuɗin wani hoto, tunda hoton ƙashin da aka yi wa maigidanki a nan Jos bai nuna komai ba, alhali yana da cutar fata ta soriyasis, yatsarsa guda ta kumbura tun daga tushe har kai, diddigensa kuma yana ciwo da safe. Akwai amfani, domin ba abu ɗaya hotunan suke gani ba.

Hoton ƙashi yakan fito lafiya ƙalau a farkon cutar amosanin gaɓɓai ta masu soriyasis. Sai ta daɗe tana ɓarna sannan ake ganin bakin gaɓa ya zaizaye, ko sabon ƙashi ya tsiro a gefenta, alamar da CASPAR, ma'aunin tantance wannan cuta na 2006, ya lissafa. Duk da haka a adana shi, don da shi za a kwatanta na gaba.

A ganina sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, shi ya fi dacewa da abin da kika bayyana. Wannan amosani yana yawan kama inda jijiya ta manne da ƙashi, kamar agara a bayan diddige, kuma sikanin yana nuna kaurin wurin, da ruwan da ya taru a gaɓa, da kumburin da ke kewaye da jijiyar yatsa. Idan aka kunna Doppler, wato sashen na'urar mai nuna gudun jini, ana ganin yawan jinin da ke kwarara inda kumburin yake ci. Sikanin ya fi MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, araha nesa ba kusa ba, amma ba ya ratsa ƙashi, kuma ingancinsa yana hannun mai yi. Wanda ya saba duba ciki ba lalle ya ƙware a gaɓɓai ba, saboda haka a tambaya kafin a biya.

MRI ne ke ganin kumburi a cikin ɓargo da kuma mahaɗin ƙashin baya da ƙugu. Idan ciwon baya yana tashinsa cikin dare, yana kuma sauƙi da motsi, nan kuɗinsa ya cancanta. Yakan ɗauki kusan rabin awa ko fiye, kuma wajibi ne a sanar da ma'aikata idan akwai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jiki.

Babu hoton da ke tabbatar da cutar shi kaɗai. Likitan amosani yana haɗa shi da duba fata da farce da gwajin jini. Ku nemi a tura ku wurinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ku tafi da hoton farko.