Fedar jita a Hamburg, da tsoffin rediyoyin da ke ƙarƙashin tebur a Sabon Gari

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. Ka tambaya ko har yanzu ina taɓa ayan, ƙarfen nan mai zafi na liƙe waya, da dalma, ko aikin kamfani ya raba ni da su. Ina taɓawa. Da daddare da ranar Asabar nakan zauna in haɗa fedar jita, wato ɗan akwatin nan da makaɗa ke ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya, in sun taka shi da ƙafa sauti ya canza. Ka duba bidiyon matasan Agadez masu kaɗa jitar lantarki, za ka ga irinsa a gaban wasunsu.

Wadda na haɗa sunanta Fuzz Face. Kamfanin Arbiter ne ya fara fitar da ita a Landan a 1966, Jimi Hendrix kuma ya sa duniya ta san ta. Aikin cikinta bai kai na ƙaramar rediyo ba: turansista biyu, resista huɗu, kafasita uku, abin murɗawa biyu, sai batir mai bolt 9. Sautin jita yakan fito da rauni, turansistocin su ɗaga shi har ya fi ƙarfin batirin, sai kan sautin ya yanke sama da ƙasa. Abin da a rediyo za ka kira lalacewa, shi makaɗa ke nema. Sautin ya yi kauri, ya yi ta ja ba ya mutuwa da wuri, kamar goge a hannun gwani.

Batun kaya kuwa, gaskiya nan Jamus sun yi nisa. Ina zaune a ɗaki zan buɗe shafin Reichelt ko Musikding, masu sayar da kayan lantarki ta intanet, in rubuta lambar abin da nake so, kwana biyu ko uku ya iso. Kowane abu yana cikin 'yar ledarsa da takarda a manne. In an rubuta 33k a ledar resista, ka ɗora mita, abin da za ka gani ke nan. Resista ɗaya 'yan santi ce kawai, har kuɗin kawowa ya fi kuɗin kayan, shi ya sa nake tara buƙatuna in saya gaba ɗaya. In ba ka gida, a jefa maka a akwatin ajiya na DHL, ka buɗe da wayarka ko da tsakar dare. Doka ta ba ka kwana 14 ka mayar da abin da ka saya ta intanet ba tare da ka faɗi dalili ba, ga kuma shekara 2 da mai sayarwa ke ɗauke da alhakin aibin kayansa. Na tuna yadda muke sayen turansista a gida, an goge lamba an buga wata, sai ka saka ta ƙone sannan ka sani. Wannan ciwon kan babu shi a manyan kantunan nan. Wuta ma ba ta ɗaukewa, ban taɓa ɗora ayan a risho ba tun da na zo, sai dai kuɗinta na da zafi.

Amma Yaya, akwai abin da ban samu ba, kuma yana damuna. Babu rumfar da zan shiga da ƙonannen abu a tafin hannuna in ce a ba ni irinsa, mai rumfa ya juya shi, ya ce babu wannan amma ga wanda zai maye gurbinsa. Kamfanin Conrad da ke da kantunan kayan lantarki a birane ya rufe kusan dukkansu a 2022, ya koma intanet. Kwamfuta ba ta san madadi ba. In lambarka babu, to babu. Gyara kuma tsada ne, don a nan lokacin mutum ake biya, mafi ƙarancin ladan awa ɗaya ya haura Yuro 12, na ƙwararre ya ninka haka sau da yawa. Feda ta lalace, kuɗin buɗe ta a duba kaɗai zai iya kai kuɗin sabuwa, sai a yar. Raina yakan sosu in na ga kayan da ake zubarwa a wurin tara shara na lantarki, kayan da yaronka mafi ƙanƙanta zai tayar kafin la'asar.

Dalmar ma daban ce. Wadda muka saba da ita mai gubar darma a ciki, mai narkewa da sauri ta kwanta tana sheƙi, an hana sayar wa mutanen gari ita tun 2018 saboda lafiya. Ta yanzu sai ayan ya fi zafi, ba ta gudu sosai, in ta bushe kuma fuskarta dusu-dusu, ka ɗauka haɗin bai kama ba alhali ya kama. Hannu yakan saba. Huda akwatin alminiyon kuwa sai na duba kalanda, don ranar Lahadi ba a tayar da injin huda a gidan haya, haka ma bayan ƙarfe goma na dare. Jitar ma da abin kunne nake gwada ta.

Da na gama haɗi na farko na kunna, kafin in taɓa tsirkiya sai na ji muryar mai labarai da Jamusanci can ƙasa-ƙasa a cikin sifika. Halin wannan feda ne in an yi ta da turansistan silikon irin BC108, ƙarfin ɗagawarsa na da yawa, yakan kamo tashar rediyo. Maganinsa ka san shi fiye da ni: gajerun wayoyi, ƙaramar kafasita tsakanin ƙafafun turansistan, a rufe akwati a haɗa jikinsa da ƙasa. Na saita ƙafar fitarwa ta turansista na biyu ta tsaya wajen bolt 4.5, rabin batir, sauti ya zauna. Wanda ya shekara yana bin laifi a cikin rediyo, wannan aikin na yini guda ne a wurinsa, kuma feda ta hannu a kantunan kayan kiɗa na nan ana sayar da ita ninkin kuɗin kayanta sau da yawa. Shi ya sa nake son ku gwada. Makaɗan coci a Sabon Gari da masu situdiyo na sayen na waje da tsada, ga ku kusa da su.

Sai dai ku yi da silikon. Fedar asali da turansistan jameniyom, irin na da kafin silikon, aka yi ta, shi kuwa ba ya son zafi, da ya ji ɗumi sai wuta ta riƙa zurara a cikinsa, saitin ya gushe, sauti ya shaƙe. Abin da ya yi daɗi a sanyin Hamburg ba zai jure watan Afrilu a Kano ba. A nan kuwa jameniyom ake rububi, don manyan kamfanoni sun daɗe da barin yin sa, masu sha'awa na sayen tsofaffi ɗai-ɗai, wasu ma na jabu ne. Tsoffin rediyoyin Japan na shekarun 1960 da ke jibge ƙarƙashin teburinka cike suke da shi, 'yan gwangwanin nan masu ƙafa uku da lamba mai farawa da 2SB, ko AC128 a na Turai. Don Allah kada a sayar wa 'yan gwangwan. A sa yara su cire su a hankali, a bar ƙafafun da tsawo, kada ayan ya daɗe a kansu don zafi na kashe su.

In an samu mai zuwa zan aiko da BC108, makunnin takawa da akwatuna biyu da na riga na huda, tare da zanen haɗin. A gaida Inna da su Anti.