Wurin da na sayi dashen māmaki a hanyar Volcano

Idan mutum yana son bishiyar māmaki a bayan gidansa a tsibirin Hawai, shawarata ita ce ya bar manyan shagunan da ke jera tsirrai kusa da siminti da fenti, ya hau babbar hanya mai lamba 11 daga garin Hilo zuwa garin Volcano. A can akwai wani ƙaramin wurin rainon tsirrai da wata dattijuwa ke riƙe da shi, kowa Anti yake ce mata, ni ma haka. Tsirran asalin tsibiran kaɗai take raino: ʻōhiʻa, hāpuʻu, kōpiko, sai māmaki da ya cika kusan rabin rumfar.

Ga wanda bai san shi ba, māmaki ƙaramar bishiya ce ta dajin ruwa, masana na kiranta Pipturus albidus, kuma babu inda take fitowa da kanta a duniya sai Hawai. Danginta a wasu ƙasashe suna da gashi mai ƙaiƙayi, ita kuwa ba ta da shi. Ganyenta faffaɗa ne, bayansa fari-fari, jijiyoyin wani ja ne, na wani kore. Mutanen zamanin da suna bugun ɓawonta su yi tufar kapa, yanzu an fi saninta da shayin ganyenta, wanda babu kafeyin a cikinsa.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ta miƙo mini tukunya ba sai da ta yi mini tambayoyi. Ina ne gidan? Rana na dukan wurin da la'asar? Ƙasa ce ko dutsen aman wuta? Da na ce mata ƙasan Hilo nake, kusa da teku, kuma filin a buɗe yake, sai ta ce, "Ɗana, ruwa kam kana da shi, inuwa ce za ka nema masa." Gaskiyarta. Hilo na samun ruwan sama fiye da inci 120 a shekara, amma māmaki ɗan gefen daji ne, yana son hasken safe da laima, ba ya son iska mai busar da ganye, kuma saiwarsa na ruɓewa in ruwa ya kwanta. Ta ce in dasa shi a gabashin ayabata, in gauraya takin ganye da baƙar tsakuwar aman wuta, in rufe gindin da busasshen ganye ba tare da ya taɓa karan ba. Haka na yi.

Na ɗauki ƙanana a dala 12 kowanne, da babba guda a dala 35. A nan ne nake da ƙorafi. Da na zare babban daga tukunyarsa, saiwar ta nannaɗe kanta ta yi dunƙule, alamar ya daɗe da wuce lokacin dashe. Ya zubar da ganye, ya tsaya cak, ya daɗe yana fama. Ƙananan kuwa, da ko gwiwata ba su kai ba, kafin shekara ta zagayo sun wuce kafaɗata, sun bar shi a baya. Wurin da ya san tsirrai haka bai kamata ya sayar da irin wannan tukunya ba tare da ya gaya wa mai saye ba. Ka ɗaga tukunyar ka leƙa ƙasanta. In saiwa ta fito ta ramukan, ajiye ta ka ɗauki ƙaramin.

Amma abin da ya sa zan koma, kuma nake tura maƙwabta, shi ne batun ƙwari. Duk wanda ke zaune a gabashin tsibirin nan ya san ƙaramar cinnakar wuta, wadda aka fara gani a yankin Puna a 1999. Tsawonta bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, tana faɗowa daga bishiya ta shiga wuyan riga, harbinta na ƙuna, kuma a tukwanen tsirrai ta fi yawan shiga gidaje. Anti ta ba ni tsinken katako, ta ce in shafa masa markaɗaɗɗiyar gyaɗa kaɗan, in soka a kowace tukunya a inuwa na awa guda kafin in kai su lambu. In wani abu ya hau, a sa a leda, a daskarar, a aika wa Hawaii Ant Lab, cibiyar binciken tururuwa, su duba. Mai sayarwa ce fa take cewa ka gwada kayanta kafin ka yarda da ita. Na gwada, tsinkayen sun fito fes. Kwaɗon coqui ma, baƙon ƙaramin kwaɗo mai ƙarar kuka da dare da ke bin tukwanen tsirrai, ban zo da ko ɗaya ba.

Ta kuma zaunar da ni kan tsutsa, kuma wannan darasin ya fi kuɗin tsirran daraja a wurina. Malam-buɗe-littafin Kamehameha, ɗaya daga cikin biyu kacal na asalin Hawai, wanda jihar ta ɗauka ƙwaronta na hukuma a 2009, a kan māmaki ya fi yin ƙwai. Tsutsarsa na yanka gefen ganye ta naɗe shi ta ɓuya a ciki. Akwai kuma baƙuwar tsutsar ramie, da ta ɓulla a tsibirin Maui a 2018, ta iso wannan tsibirin a 2020, mai iya cinye ganyen bishiya ƙarƙaf. Ita in ka taɓa reshen sai ta ɗaga kai tana girgiza, har ta tofar da koren ruwa. Saboda haka babu feshin magani, da hannu ake tsince baƙuwar a bar 'yar gida. Ina jin ciwon yadda mutane ke ganin huji a ganye su ɗauko kwalbar feshi, su kashe abin da aka dasa bishiyar dominsa.

Dodon-koɗi da ɗan'uwansa marar ƙoƙo su ne babbar matsalar watannin farko, da dare suke cin sabon toho. Su ne kuma ke ɗauke da tsutsar huhun ɓera mai kama ƙwaƙwalwar mutum, don haka ba a taɓa su da hannu tsirara, ganyen shayi kuma sai an wanke shi ɗaya bayan ɗaya an tafasa sosai. Ni manyan ganyen ƙasa nake tsinka, kaɗan daga kowane reshe, in shanya a inuwa. Shayin ja-ja ne, mai laushi, babu ɗaci.

Sauran ƙananan abubuwa: hanyar shiga taɓo ce in an yi ruwa, wani lokaci a tarar da ƙofa a rufe ba sanarwa, sai a kira kafin a taso. Tukwanen ma babu rubutun daga wane daji aka samo irin, abin da ke da muhimmanci ga mai son dasa na yankinsa. Da na tambaya ta faɗa mini da ka, amma ya kamata a rubuta a jikin kowace tukunya.